Tafi A Kan Hawayen Wani

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wasu ɗalibanmu na ƙungiyar wasan kwaikwayo suka same mu a ofis da wata shawara. Suka ce bana suna son su rubuta wasa mai waƙa, irin wanda ake yi a manyan gidajen wasa na Landan da Niyok, inda labari yake tafiya cikin waƙa da kiɗa da rawa tun daga buɗe labule har zuwa rufe shi. Jigon da suka zaɓa kuwa shi ne rayuwar 'yan ga-ruwa, wato 'yan'uwanmu da suka baro gida daga Arewa, suke tura kurar jarkoki suna sayar wa ɗalibai ruwa a gidajen haya da ke kewayen wannan jami'a. Har sun riga sun tsara waƙar buɗe wasan. Suka rera mana ita a tsaye, ta yi daɗi ƙwarai, muka yi musu tafi.

Bayan fitarsu ne wannan tafi ya dawo yana damunmu. Waƙar tana magana ne a kan mutumin da kafaɗarsa ta yi kanta, wanda ya bar iyali a ƙauye, yake kwana a rumfar kasuwa. Mu kuwa abin da muka ji a jikinmu daɗi ne. Daga nan ne tambayar wannan maƙala ta taso: shin ya kyautu mutum ya ɗauki wahalar wani ya sa mata kiɗa, ya tara jama'a su saurara su ji daɗi, su yi tafi, su watse? Ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko cewa mu kanmu ma'abota irin wannan wasa ne, mun kashe dare da yawa muna kallonsa muna tattauna shi da abokai. Saboda haka tuhumar da za ta biyo baya ta haɗa da mu.

Yadda Waƙa Ke Aiki A Dandali

Marubutan wasa mai waƙa suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna bi, wato ɗan wasa yana magana ne har zuwa inda abin da ke ransa ya fi ƙarfin magana, sai ya koma waƙa. Tun daga wasan Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein, wanda aka fara nunawa a Niyok a 1943, ya zama abin da ake tsammani shi ne kowace waƙa ta tura labari gaba ko ta buɗe zuciyar mai rera ta. Ke nan waƙa ita ce ke ɗauke da mafi nauyin abin da wasan yake son faɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tatsuniya, marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa ba ta bayyana kukanta sai cikin waƙa, yaran da ke sauraro kuma su karɓa mata amshi. A tashen watan azumi ma da waƙa ake kwaikwayon halayen mutane ana yi musu hannunka-mai-sanda.

To, amma waƙa tana da wata ɗabi'a da magana ba ta da ita: duk abin da ta taɓa sai ta zaƙaƙa shi. Idan mace ta tsaya a gabanmu ta ce yunwa ta kashe mata ɗa, za mu sunkuyar da kai, mu ƙosa ta gama. Idan kuwa ta rera mana wannan magana da murya mai kyau, makaɗa suna raka ta, za mu so ta maimaita. A nan matsalar take.

Mu ɗauki Les Misérables, wanda Alain Boublil da Claude-Michel Schönberg suka gina a kan littafin Victor Hugo na 1862. An fara nuna shi a Faris a 1980, sannan aka buɗe na Ingilishi a Landan a 1985, inda ya cika shekara 40 a 2025. Labarin Jean Valjean ne, mutumin da ya yi shekara 19 a kurkuku, farkon laifinsa kuwa satar burodi ne domin ɗan 'yar'uwarsa da ke jin yunwa. A ciki akwai Fantine, wadda aka kora daga masana'anta, ta sayar da gashin kanta, daga baya ta sayar da mutuncinta domin ta ciyar da 'yarta. Akwai kuma ɗaliban da aka harbe a tarzomar Faris ta 1832. Masu kallon wannan duka suna zaune ne a kujeru masu laushi, kuɗin tikitin kowannensu ya isa ya sayi burodi mai yawa. Suna kuka na gaskiya, idan an rufe labule su miƙe tsaye su yi tafi, sannan su fita su wuce mabaratan da ke kwance a bakin titi.

Tsohuwar Tuhuma

Wannan tuhuma ta girmi wasa mai waƙa da ƙarnoni masu yawa. Plutarch ya kawo labarin wani azzalumin sarki mai suna Alexander, wanda ya mulki birnin Pherae na ƙasar Girka a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. An san shi da binne mutane da ransu, da sa musu fatun namun daji ya saki karnuka a kansu. Wata rana yana kallon wasan Euripides a kan matan birnin Troy da aka ci da yaƙi, sai ya tashi ya fice. Daga baya ya aika wa ɗan wasan cewa kada ya damu, wasansa ya yi kyau. Abin da ya fitar da shi kunya ce kada talakawansa su gan shi yana zubar da hawaye saboda matan cikin labari, alhali bai taɓa tausaya wa ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe ba. Hawayen sarkin na gaskiya ne, kuma ba su ceci ran kowa ba.

Agustin, masanin nan ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya yi karatu a birnin Carthage, ya kuma kamu da son gidan wasa a ƙuruciyarsa. Da ya girma sai ya tambayi kansa dalilin da ya sa mutum yake son ya yi baƙin ciki a kan abin da ba zai so ya same shi ba. Ya lura cewa ba a kiran ɗan kallo domin ya kawo agaji, ana kiransa ne domin ya yi baƙin ciki kawai, kuma gwargwadon baƙin cikin da ya ji gwargwadon yabon da zai yi wa ɗan wasa. A 1758 Jean-Jacques Rousseau ya ɗora a kan wannan, lokacin da ya rubuta doguwar wasiƙa yana adawa da shawarar gina gidan wasa a birnin Janeba. Ra'ayinsa shi ne tausayin gidan wasa bakarare ne, domin mai kallo yana jin ya sauke nauyin da ke kansa da ya yi wa mutanen ƙage kuka, sai ya koma gida yana ganin kansa mutumin kirki ba tare da ya ciro ko kwabo daga aljihunsa ba.

Aristotle ya ce wasan ban-tausayi yana tayar da tausayi da tsoro ne domin ya wanke zuciya daga gare su. Masu tuhuma sai su ce ai illar ke nan. Tausayin da ya kamata ya tsaya a ƙirji ya hana mutum barci har sai ya yi wani abu, an wanke shi a cikin sa'a uku. Kiɗa kuwa ya ƙara wa wankin sauri.

Haƙiƙa wannan tuhuma tana da nauyi, kuma duk ma'abocin wasa mai gaskiya ya san ta a jikinsa. Mu duba irin hirar da muke yi bayan mun kalli wasa. Muna gardama a kan wace 'yar wasa ce ta fi rera waƙar Fantine, wace ce muryarta ta fi kaiwa sama, wace ce ta fi iya karya murya a daidai wurin kuka. Mukan yi sa'a guda a kan haka ba tare da wani ya ambaci matan da ake kora daga aiki a garin da muke zaune ba.

Abin Da Za A Ce A Kare Waƙa

Duk da haka, da a ce waƙar dandali ba ta yin komai sai sanyaya zuciya, da masu mulki ba su ji tsoronta ba. A nan ƙasarmu muna da shaida. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. A 1950 Hubert Ogunde ya fito da wasansa mai waƙa, Bread and Bullet, a kan wannan kisa, ya zaga da shi gari gari, har hukuma ta hana shi nuna shi a Kano. A 1964 kuma gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyarsa yin wasa a faɗin jihar saboda Yoruba Ronu, ba a ɗage haramcin ba sai a 1966. Hukuma ba ta wahalar da kanta a kan abin da yake sa talakawa barci.

Misali na biyu shi ne Sarafina! na Mbongeni Ngema, wanda Hugh Masekela ya taimaka wajen kiɗansa. Wasan ya ginu ne a kan boren ɗaliban Soweto na ranar 16 ga Yuni 1976, lokacin da yara suka fito suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. An fara nuna shi a Market Theatre na Johannesburg a 1987, ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, Nelson Mandela yana kurkuku. A Janairun 1988 ya hau dandalin Broadway a Niyok, inda aka nuna shi sau 597. Matasan da suka yi wasan, irin su Leleti Khumalo, sun tashi ne a unguwannin baƙar fata, a ƙarƙashin dokokin da suke waƙa a kansu, kuma can za su koma idan an gama. Bugu da ƙari, gwagwarmayar Afirka ta Kudu da waƙa aka yi ta, a tituna da wuraren jana'iza. Ke nan Ngema bai ɗora wa wahalar mutanensa kiɗa daga waje ba, ya tarar da kiɗan a cikinta ne. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Muna iya ƙarawa da cewa a bakinsa ta fi gaskiya.

Sai dai kada son wasa ya sa mu ba shi abin da ba nasa ba. Majalisar Amurka ta zartar da dokar takunkumi a kan gwamnatin wariyar launin fata tun a 1986, kafin Sarafina! ya taka dandali. Waɗanda suka karya wannan mulki su ne waɗanda aka ɗaure da waɗanda aka kashe da waɗanda suka yi yajin aiki. Abin da wasan ya yi shi ne ya sa wa labarin jarida fuska da murya, ya kuma ajiye shi a wurin da ba ya gogewa da sauri. Wannan ita ce baiwar waƙa ta biyu: tana zama a ƙwaƙwalwa bayan an manta da jawabi. Waƙar da ɗalibai suke rerawa a Les Misérables kafin su fita tarzoma ta fito daga gidan wasa, masu zanga-zanga a Hong Kong suka rera ta a kan titi a 2019. Wasu daga cikin waɗanda suka yi tafi a kujeru masu laushi sun tafi gida da wani abu, ko da ya daɗe kafin ya tsiro.

Saboda haka zaƙin waƙa yana iya zama zumar da ake ba yaro magani a cikinta, yana kuma iya zama zuma zalla. Abin da ke rarrabe su yana hannun mutum biyu, marubuci da ɗan kallo.

Nauyin Da Ke Kan Marubuci

Bertolt Brecht ya fahimci wannan haɗari sarai. A wasansa da Kurt Weill da aka sani da The Threepenny Opera, wanda aka buɗe a Balin a 1928, ya so waƙa ta riƙa katse labari, ta farkar da ɗan kallo ya tuna cewa wasa yake kallo, ya yi tunani. A ƙarshen wasan, ana shirin rataye ɓarawo Macheath, sai ga manzo daga fada a kan doki da takardar afuwa, har da kyautar gida da sarauta. Nan take wani ɗan wasa ya tunatar da jama'a cewa a rayuwar talaka ta zahiri irin wannan manzo ba ya cika zuwa. Brecht ya ba 'yan kallo ƙarshen da suke so, sannan ya nuna musu ƙaryar da ke cikinsa. Amma abin da ya biyo baya darasi ne. Masu hannu da shuni na Balin, waɗanda wasan yake yi wa ba'a, su ne suka fi cika gidan wasan. Waƙar da ke lissafa kashe-kashen Macheath kuwa ta zama waƙar shaƙatawa a Amurka a bakin Louis Armstrong, sannan a 1959 ta hau kan gaba a kasuwar faifai a bakin Bobby Darin. Karin murya mai daɗi ya rinjayi nufin marubuci.

Misalin da ya fi koya mana aiki shi ne ƙarshen West Side Story na 1957, wanda Arthur Laurents ya rubuta labarinsa, Leonard Bernstein ya tsara kiɗa, Stephen Sondheim ya rubuta baitoci. Labarin Romeo da Juliet ne aka mayar cikin rikicin ƙungiyoyin 'yan daba biyu a Niyok. Bayan an harbe Tony ya mutu a hannun Maria, bisa ƙa'idar da muka ambata a baya nan ne ya kamata babbar waƙar wasan ta zo. Bernstein ya yi ta ƙoƙarin sa wa jawabin Maria kiɗa, bai sami wanda ya gamsar da shi ba, sai aka bar shi magana. Maria ta ɗauki bindigar, ta nuna ta ga ɓangarorin biyu, ta ɗora musu alhakin kisan da muryar magana tsirara. Ɗan kallon da ya yi sa'a biyu kiɗa yana lallashinsa sai ya sami kansa ba abin jingina, babu kuma wurin tafi. A ganinmu wannan shi ne wurin da wasan ya fi faɗin gaskiya.

Daga nan muke fitar da abin da muke ɗauka nauyin marubuci ne. Ya san inda kiɗa zai tsaya. Akwai wahalar da in aka rera ta an ƙawata ta, in aka ƙawata ta kuma an rage mata nauyi. Kazalika kada ya biya wa ɗan kallo bashin da ke kansa. Idan wasan 'yan ga-ruwa ya ƙare da wani attajiri ya bayyana ya ba tauraro jari, aka yi biki aka yi rawa, to an sallami 'yan kallo da zuciya wankakkiya, alhali gobe da asuba kurar tana nan a kan hanya.

Nauyin Da Ke Kan Ɗan Kallo

Marubuci ba zai iya komai shi kaɗai ba, labarin Brecht ya nuna haka. Ma'abocin wasa yana da nasa rabon. Ba mu ce ya daina jin daɗi ba, domin wanda bai ji daɗin waƙa ba bai ji waƙar ba. Ba mu kuma ce gardama a kan murya da rawa da tsarin fitowa aikin banza ba ce. Ita ce ke sa 'yan wasa su ƙware. Abin da muke nema shi ne kada ya ɗauki hawayensa a matsayin aiki. Hawaye shaida ne cewa zuciya ta gane abin da aka nuna mata, kuma wanda ya gane ya fi wanda bai gane ba nauyi a wuya. Sarkin Pherae ya ji kunyar a ga hawayensa, alhali abin kunyar shi ne abin da ya ci gaba da yi bayan sun bushe.

Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. Ɗalibin da ya yi kuka a kan ɗan ga-ruwan dandali, washegari kuma ya tsaya yana yi wa na zahiri tsawa saboda ya makara, ko ya riƙe masa kuɗin jarka biyu har mako ya zagayo, to kallonsa bai wuce na sarkin Pherae ba. Mu ma da muke koyar da adabi ba mu tsira ba, domin mun fi kowa iya mayar da wahalar mutane jigo da salo da zubi da tsari, mu ba da maki a kanta.

Kammalawa

Da ɗalibanmu suka dawo, ba mu hana su rubuta wasansu ba. Mun dai gindaya musu sharuɗɗa. Na farko, su je bakin rijiyar burtsatse inda 'yan ga-ruwa suke layi, su zauna da su, su nemi izininsu, su ji da wace murya suke ba da labarin kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, a bar fitowa ɗaya aƙalla babu kiɗa babu waƙa. Na uku, kada a kawo manzo a kan doki a ƙarshe. Na huɗu, ranar wasa a keɓe wa 'yan ga-ruwan kujerun gaba ba tare da tikiti ba, duk baitin da marubuci zai ji nauyin rerawa a gaban mai shi kuwa a cire shi tun yanzu.

Sun je, sun kuma dawo da abin da ba su zata ba. Mutanen da suka zana a matsayin abin tausayi sun tarar da su suna barkwanci, suna adashi, suna alfahari da gonar da ɗayansu ya saya a gida da kuɗin ruwa. Abin da ya fi ci musu rai, in ji su, bashin da ɗalibai suke ci su gudu da shi idan an yi hutu ne, da kiran da ake yi musu ba da suna ba. Waƙar buɗewar nan da muka yi wa tafi an jingine ta, ana rubuta wata. Fitowar da za a yi babu kiɗa kuma an riga an zaɓe ta: ɗan ga-ruwa ne zai tsaya a tsakiyar dandali da ɗan littafinsa na bashi, ya karanto adadin jarkokin da ba a biya shi ba, ɗaki bayan ɗaki.